Ta yaya manyan gidajen karkara na Derbyshire suka daɗe a hannun dangi ɗaya?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina karatu a kan gidajen masu sarauta na lardin Derbyshire a Ingila, irin su Chatsworth da Kedleston. Abin da ya ɗaure min kai shi ne gida ya yi shekara 400 a hannun zuri'a ɗaya ba a raba shi ba. Wace dabara suka bi? Kuma me ya sa wasu gidajen suka koma hannun ƙungiyar National Trust, mai adana gidaje da wuraren tarihi don jama'a?

Malam Mai Kundi:
Wa alaikumus salam, Malama. Kar ki auna shi da rabon gado irin namu, inda kowane magaji ke da kasonsa. A can, a da, babban ɗa namiji ke ɗauke gida da gonaki baki ɗaya. Lauyoyi kuma a lokacin suna ɗaure dukiyar da takarda: mai gida na da ikon cin moriyarta tsawon ransa, amma ba shi da ikon sayarwa. In babban ɗan ya kai shekara 21, ko zai yi aure, sai a sabunta yarjejeniyar, ta sake ɗaure tsara mai zuwa. Ƙannensa maza a yanka musu kuɗin shekara, mata a ware musu kuɗin aure, matar mamaci a ba ta abin zaman takaba har ta mutu. Duk daga hayar gonaki ake fitar da su, kuma nan bashi ke shigowa in 'ya'ya sun yi yawa.

Inda tsarin ke tangarɗa shi ne rashin ɗa namiji. Gidan Haddon Hall a da na dangin Vernon ne, sai Sir George Vernon ya bar 'ya'ya mata kawai, gidan ya bi Dorothy zuwa dangin mijinta John Manners. A Kedleston akasin haka aka yi: Lord Curzon, wanda ya mulki Indiya daga 1899 zuwa 1905, ya mutu a 1925 da 'ya'ya mata, gidan ya tsallake su ya faɗa wa ɗan ɗan'uwansa.

Chatsworth kuwa tun 1549 yake hannun dangin Cavendish, lokacin da Sir William da matarsa Bess suka saye shi fam 600.

Sarkin Lambu:
Malama, ki duba lambunan ma, domin su ne ke nuna yawan kuɗin da gida ke ci. Joseph Paxton ya zama shugaban masu lambu a Chatsworth a 1826. Tsakanin 1836 da 1841 ya gina katafaren ɗakin gilashi na tsirran ƙasashe masu zafi, tsawonsa kusan mita 84. Tukwanen wuta 8 ke ɗumama shi ta bututun ruwan zafi mai tsawon mil 7, kuma sanyin shekara ɗaya kan lashe kwal wajen tan 300. A yaƙin duniya na ɗaya kwal ya yi wuya, ma'aikata sun tafi fagen daga, tsirran suka mutu. A 1920 aka rushe shi. Ayabar nan da ake kira Cavendish, wadda ta cika kasuwannin duniya, daga wannan gida ta samo suna, don Paxton ya raine ta a can.

Aikinsa da ya fi burge ni shi ne ruwan da ke feshi sama, wanda ya yi a 1844 don Sarkin Rasha Nicholas na ɗaya, shi kuwa bai ma zo ba. Babu inji ko ɗaya. An haƙa tafki mai faɗin eka 8 a kan tudun bayan gida, sama da mita 100 bisa lambun, aka sauko da ruwa ta bututun ƙarfe. Nauyin ruwan kaɗai ke tura shi, har ya taɓa kai mita 90. Ba ya kai tsayin tafkin, saboda gogayya cikin bututu da iska na rage masa ƙarfi. In an yi fari kuma dole a rage sa'o'in kunna shi, tun da ruwan sama ke cika tafkin.

Malam Mai Kundi:
Na bar rabin tambayarki. Abu biyu suka karya masu waɗannan gidaje. Daga ƙarshen shekarun 1870 alkamar Amurka mai arha ta kwararo, farashi ya faɗi, hayar gona ta bi shi. Sai harajin gado da aka kafa a 1894, wanda ya yi ta hawa har ya kai kashi 80 cikin 100. Da Duke na 10 na Devonshire, wato mai sarautar dangin Cavendish na Chatsworth, ya mutu ba zato a 1950, an nemi magajinsa wajen fam miliyan 7. Ya sayar da dubban ekoki, ya miƙa zane-zane da littattafai masu daraja, ya kuma ba gwamnati Hardwick Hall, gidan da Bess ta gina daga 1590 zuwa 1597, a madadin kuɗi. A 1959 gidan ya koma National Trust. Gidan Calke Abbey ma ta wannan hanya ya tafi a 1985, Kedleston a 1987.

Mai Taskar Takardu:
In bincike za ki yi da kanki, fara da ofishin adana takardun lardi da ke Matlock. Taswirorin zakkar coci na bayan 1836 suna ba da sunan mai kowace gona da na mai hayarta. Ƙidayar jama'a daga 1841 zuwa 1921 za ta nuna miki barori. Hattara da abu biyu. Ƙidaya ta dare ɗaya ce, in masu gida na Landan a ranar, ma'aikata ƙalilan za ki tarar, ki ɗauka gidan ya talauce. Sannan sunan sarauta ba ya bin lardi: Duke na Devonshire a Derbyshire yake zaune, masu Haddon kuma sarautar Rutland suke riƙe da ita, don haka ki nemi takardu da sunan dangi, wato Cavendish ko Manners.