Wane littafi zan ba yarinyar da ta rasa mahaifiyarta, kuma ruwa biyu ce?

Maman Ilham: Salam 'yan uwa, shawara nake nema dan Allah. 'Yar yayana ce shekararta 12, mamanta Baturiya ce ta rasu bara, yanzu an dawo da ita gida wurinmu. Hausarta kame-kame take yi, a makaranta yara sai tsokanarta suke wai Baturiya, can kuma da suke zaune cewa ake baƙa ce. Ba ta magana sosai amma akwai ta da karatu, in ta samu littafi ko abinci sai an yi da gaske. Wane labari zan saya mata da za ta ga mai irin halinta a ciki?

Anti Bilki: Wa alaikumussalam, Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari. Nemo mata When You Trap a Tiger na Tae Keller, ya fito 2020 har ya ci lambar Newbery ta littattafan yara a 2021. Yarinyar sunanta Lily, ɓangaren uwa 'yan Koriya ne, uban Bature kuma ya rasu tun tana ƙarama, sai suka tattara suka koma wurin kakarta da ba ta da lafiya, can wata damisa irin ta tatsuniyoyin da kakar ke ba su ta fara bayyana mata wai ta dawo da labaran da kakar ta sace ita kuma za ta warkar da ita. Abin da ya kama min zuciya Lily shiru-shiru ce, tana jin kamar ba a ma ganinta a gidan. Daidai shekarunta ne.

Maman Ilham: Kakar ta warke?

Anti Bilki: A'a ta rasu a ƙarshe, gara ki sani tun yanzu. Kuma ki riga ta karantawa, akwai ɗan wuri kan yayar Lily da wata ƙawarta da ba kowane gida ne zai so ba, ke za ki yanke.

Abban Sadiq: Ni wanda na sani The Icarus Girl na Helen Oyeyemi, 2005, tana sakandare ma ta rubuta shi. Jessamy shekara 8, uwa Bayarabiya uba Baturen Ingila, aka kawo ta gidan kakanta a Ibadan.

Ummu Hanan: Haba Abban Sadiq, wannan ai ni da girmana sai da na kasa kashe fitila. TillyTilly ɗin nan, yarinya mai kamar aljana da ke bin Jessamy, ga zancen 'yar biyunta da ta mutu tun haihuwa aka ɓoye mata, yarinyar da ke cikin jimami ba za ta iya da shi ba wallahi. Littafi ne mai kyau amma na manya ne.

Abban Sadiq: Gaskiyarki, a ajiye shi sai ta girma.

Ummu Hanan: Wanda ya fi kusa da labarinta a ganina The Astonishing Color of After ne na Emily X.R. Pan, 2018, sai dai shi ma ba yanzu ba, ta kai ko 15 tukunna, don uwar Leigh, yarinyar labarin, kashe kanta ta yi bayan ta daɗe tana fama da ciwon damuwa. Leigh ta saka a ranta uwar ta rikiɗe ta zama jan tsuntsu, ta bi ta har Taiwan gidan kakannin da ba ta taɓa gani ba, ga su a gabanta ga abinci an zuba amma ba yaren da za su yi hira da shi sai 'yan kalmomi da nuni. Wurin nan na yi kuka sosai. Ke ce ma nake so ki karanta shi yanzu Maman Ilham, za ki gane abin da take ji in tana zaune a tsakar gida ana ta hira ana dariya ita ba ta san me aka ce ba.

Malama Hadiza: Ina koyar da 'yan ƙaramar sakandare. Blended na Sharon Draper, shi ma 2018, Turancinsa mai sauƙi ne. Isabella shekara 11, uba baƙar fata uwa farar fata, sun rabu tana mako nan mako can. Babu rasuwa a ciki, shi ya sa nake ganin da shi za a fara, tambayar nan ta ke wace iri ce da mutane ke mata ita ce dai ake wa taku. Sai dai kusa da ƙarshe 'yan sanda sun harbe ta a hannu, ta rayu, ki shirya za ta yi tambaya.

Kuma dan Allah kar a miƙa mata kawai a tafi. Ki zauna ku karanta ko babi ɗaya tare, in ta kawo zancen mamanta kar a ce yi shiru ki yi haƙuri, a bar ta ta faɗi yadda take dafa abinci, waƙar da take mata. Dangin uwar suna kira?

Maman Ilham: Kakarta na kira ta bidiyo jefi-jefi, yayana ne ba ya so wai yana tayar mata da hankali.

Malama Hadiza: A lallaɓa shi Hajiya, kukan da za ta yi bayan wayar ya fi shirun nan sauƙi. Su ma jininta ne.

Anti Bilki: Duk akwai su a Kindle in ba a samu na takarda ba, nawa na damisar kuma yana nan, turo min adireshi ta gefe in ba direba gobe in sha Allah.