Gem sun taru, lokaci babu: in sabunta PS Plus ko in sayar da faifan?

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Na'urar gem ta PlayStation 4 (PS4) gare ni mai 500GB, ta cika maƙil. Faifai 14 ne a kan kanta ban ga ƙarshen ko ɗaya ba, ga wasu wajen 20 da na tara ta PS Plus, rijistar da ake biya ana samun gem wata-wata. Kasuwa ce daga safe har magariba, abin da nake samu bai wuce awa 5 a sati ba, daren Alhamis da bayan la'asar ɗin Lahadi. Rijistar PS Plus ɗin ƙarshen watan nan za ta ƙare. In sabunta ta in ƙaro ma'ajiyar waje, ko in bar ta ta mutu in sayar da rabin faifan? Don Allah kar a ce in canja na'ura, babu wannan kuɗin.

Sarkin Bal: Wa alaikumus salam. Alhaji ka ɗauko PS5 kawai ka huta, ita ba a jiran lodi.

'Yar Gwale: Mutum ya ce kar a ce, shi ne abu na farko da aka ce. Kuma ko PS5 ɗin farko, 825GB aka rubuta a kwali, amma wajen 667 ne kawai naka. Cika za ta yi ita ma.

Malam Na Kabuga: Baban Yara, lissafi za ka fara yi kafin ka taɓa aljihu. Awa 5 a sati, awa 260 ke nan a shekara, in ba rashin lafiya, ba biki, ba azumi. Shiga shafin HowLongToBeat ka rubuta awannin kowane gem a gefen sunansa, na labarin kawai ba na kakkaɓe komai ba. The Witcher 3 wajen awa 50, Red Dead Redemption 2 shi ma wajen 50, Persona 5 Royal kusan 100. God of War na 2018 wajen 20, Uncharted 4 wajen 15, Miles Morales 7 zuwa 8, Titanfall 2 wajen 6. Ka ga Persona shi kaɗai zai cinye maka wata biyar. Sai ka kasa su gida uku: waɗanda ba su kai awa 10 ba, na 10 zuwa 25, da manya. Babba ɗaya tak za ka bari a kan na'ura, da ƙarami ɗaya. Ƙaramin na daren Alhamis ne, lokacin da ka gaji. Babban na Lahadi, don shi yana son zaman awa biyu zuwa uku a jere, in ba haka ba rabin lokacin a tuno maɓallai da inda aka kwana zai tafi. Duk wanda ka ba awa biyu bai kama ka ba, ka goge shi, ba bashi ka ci ba. Ka sa shi a mataki mai sauƙi in wani dodo ya tsare ka, babu mai ba da lambar yabo.

Mai Gyara: Na ƙara a kan na Malam. Mutane na tsoron gogewa don suna zaton ajiyar inda suka tsaya za ta tafi. Ba ta tafiya, gem daban, ajiya daban. In kana son hankalinka ya kwanta, sa filash mai FAT32 ko exFAT, shiga Settings, Application Saved Data Management, ka kwafe ajiyar zuwa filash ɗin, minti biyu ne. A cikin 500GB ɗin nan abin da ke hannunka bai fi 408 ba, Red Dead shi kaɗai wajen 100 yake ci. Sannan PS4 tana buƙatar fili na daban lokacin sabuntawa saboda kwafar fayil take yi, shi ya sa za ka ga da sauran wuri amma ta ce babu. In ma'ajiyar waje za ka saya, dole USB 3.0, daga 250GB zuwa 8TB, kuma a jikin na'urar kai tsaye za ka soka ta, ba ta bin mahaɗa. Amma ni a ganina mai awa 5 ba ya buƙatarta. Mai faifai ai ma'ajiyarsa na kan kanta.

Sarkin Bal: Ta 1TB dubu 45 ce a kasuwar Farm Centre ta Kano.

Ɗan Hotoro: Wace shekara? Dubu 70 aka ce min a Beirut Road, kuma ba a yi ragi ba.

Mai Gyara: Duk ku biyun kuna iya yin gaskiya. Ta 45 ɗin yawanci an ciro ta ne daga tsohuwar laftof aka sa mata sabon gida. Tana aiki, amma ka jona ta a kwamfuta a gaban mai shago ka duba awannin da ta yi tana juyawa da manhajar CrystalDiskInfo. In ya nuna ruwan ɗorawa, ajiye masa.

Ɗan Hotoro: Tunda an zo maganar ajiya, ku bar ni in yi gargaɗi, don abin har yanzu yana ci min rai. Ƙanena ya kai na'urarsa wani shago aka loda masa gem goma sha wani abu a kan kuɗin da bai kai na faifai biyu ba. Akawun ɗin mai shagon ne, aka mai da na'urar ta zama ta farko (Primary) a kansa, wato wadda aka ba izinin buɗe gem ɗin akawun. Yaro ya zauna ya tsara jadawali, wannan bayan wannan, sai ya gama jarrabawa. Ya yi nisa a Ghost of Tsushima, ya tsallaka yanki na biyu, ran nan ya jona intanet sai ga kwaɗo a kan kowane gem. Ashe akawun ɗaya mutumin yake sayar wa mutane da yawa, kuma PS4 ɗaya ce kawai za ta iya zama ta farko a akawun. Da ya samu sabon ciniki sai ya cire kowa daga nesa. Muka koma, ya ce laifin yaro ne da ya hau intanet. Muka ce to a maido, ya ce cirewa daga nesa sau ɗaya ake yi a wata shida. Ba kuɗi, ba gem. Abin haushin, a kan sunan mai shagon yaron yake bugawa ba a nasa ba, don haka ajiyar ma ba tasa ba ce. Muka samo faifan, aka faro daga farko. Bai sake taɓa shi ba.

'Yar Gwale: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mai Gyara: Irin wannan kusan kullum sai an kawo min. Kuma ko a sunansa ya buga, akwai wani tarkon. Kowane gem yana da lamba mai farawa da CUSA a gefen kwalinsa, ta Amurka daban, ta Turai daban. Ajiyar da aka yi da na Amurka sau da yawa faifan Turai ba ya ganinta, haka ƙarin da ake saya a shagon PlayStation, sai ya dace da yankin faifan. Tunda Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen shagon, kowa da ƙasar da ya ara, faifanmu kuma gauraye suke shigowa. Baban Yara, in za ka sayar da niyyar sake saya wata rana, rubuta lambar a takarda.

Sarkin Bal: Ni dai an loda min kuma lafiya lau nake bugawa.

Ɗan Hotoro: Kai da ba ka san komai ba sai bal? Gem ɗaya kake saya duk shekara, an canja wa 'yan wasa riga an sake karɓar kuɗinka. Me ka sani a kan tarin gem?

Sarkin Bal: Shi ya sa ni ba ni da tari. Ku da kuke da ilimi ga ku nan kuna lissafi da biro kamar masu raba gado.

Malam Na Kabuga: Raha gefe, bal ɗin ma tana cikin matsalar. Wasa ɗaya minti 15 ne, mutum ya ce bari in buga ɗaya kafin in shiga labari, sai ya ɗaga kai ya ga sha biyun dare. In FC ko eFootball na kan na'urar, su za su cinye awa biyar ɗin. Ka bar bal sai abokai sun zo.

Gwauron Zoo Road: Ni shawarata a yi manyan a jere, Witcher sannan Red Dead, a wata ɗaya an share su.

'Yar Gwale: Yaya, sunanka ya riga ya ba da amsa. Awa 100 a wata ɗaya? Wanda ba a aika sayen madarar yara da ƙarfe tara bai kamata ya sa baki a nan ba.

Gwauron Zoo Road: To Hajiya, mai gyara ma ai gyara yake ba bugawa ba, shi me ya sa ake jin tasa?

Mai Gyara: Saboda in taku ta mutu wurina kuke kawowa.

Baban Yara: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Amma har yanzu ba a ce komai a kan PS Plus ba.

Malam Na Kabuga: Waɗanda ka karɓa na wata-wata, in rijista ta ƙare kwaɗo za su sha, amma ba su ɓace ba, ranar da ka sake biya suna nan a akawun ɗinka. Faifai 14 kuwa, ko ka ce kowanne awa 20 ne, 280 ke nan, sun fi ƙarfin shekararka. Ka kwashe ajiyarka a filash tun kafin ta ƙare, ka bar ta. Sai dai in kana buga bal da mutane ta intanet, wannan a FC sai da ita.

Ɗan Hotoro: Ban yarda ba. Dalar Amurka ba ta jiran kowa, katin biyan rijistar da zai saya baɗi ba zai same shi a kuɗin bana ba. Kuma watannin da bai biya ba, gem ɗinsu sun wuce shi.

'Yar Gwale: Su wuce mana. Mutumin da ke kukan sun yi yawa kake wa tsoron kar a daina ƙara masa?

Injiniya: Duk lissafin nan kun yi shi kamar wuta na jiran Alhamis da Lahadi. Awa 5 ɗin nawa ne a ciki ake da wuta? A unguwarmu sai ɗayan dare ake kawowa. Kuma ku daina barin na'urar a Rest Mode, wato barci ba kashewa ba, da sunan za ku ci gaba daga inda kuka tsaya. In aka ɗauke tana fitilar ruwan lemo, da ta tashi sai ta tsaya duba ma'ajiya, wata rana ajiyar ta lalace. Kashe ta gaba ɗaya, ka jira fitila ta daina ƙiftawa kafin ka zare. In ta fara nauyi, kashe ta, danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, wajen sakan 7, jona pad da wayar USB, ka zaɓi Rebuild Database. Ba ya goge komai, amma kar ka kuskura ka danna Initialize da ke ƙasa, shi ne mai share komai.

Gwauron Zoo Road: Wuta ma da sauƙi, data fa? Ka samu awa biyunka, ka kunna, a ce sai ka sauke sabuntawa mai gigabait 20.

Mai Gyara: Cire alamar Automatic Downloads a cikin System, ko ka raba ta da intanet gaba ɗaya. Yawancin gem ɗin labari na faifai suna tafiya haka nan. Injiniya, UPS, batirin nan mai riƙe wuta in an ɗauke, mai 650VA za ta riƙe ta da talabijin?

Injiniya: Minti kaɗan, iya ka ajiye ka kashe, in batirin sabo ne. PS4 Slim ba ta da ci sosai, PS4 Pro ce mai zuƙa. Matsalar ita ce wutar da ake kawo mana ba ta da ƙarfin da za ta cika batirin, sai UPS ɗin ta wuni tana kuka. Taransifomarmu tun damina ake karɓar kuɗin gyaranta gida-gida.

Sarkin Bal: Ku ma? Nawa aka yanka muku kowane gida? Mu an karɓa sau biyu, kuma har yau layi ɗaya ne ke kawowa.