Musayar Waƙa a kan Chiamaka, Mai Tsaron Ragar Falcons

Ɗan Rimi: Assalamu alaikum. Na buɗe wannan fage ne a kan Chiamaka Nnadozie, mai tsaron ragar Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matan Najeriya, kuma ina roƙon mu tsaya a farkon tashinta, wato daga zamanta a Rivers Angels zuwa komawarta Faransa a 2020. Waƙar ƙwar huɗu ce, babban amsa-amonmu shi ne "ga".

Daga Imo yarinya ta taso,
Fatakwal ta je neman abin so,
Rivers Angels suka ce ki matso,
Ga safar hannu, ki tsare raga.

Shekara sha takwas ba ta wuce ba,
Koriya ba su sami kafa ba,
Biyu da nema, ba su farke ba,
Kundin tarihi ranar ta shiga.

Ina nufin wasan Najeriya da Koriya ta Kudu a Grenoble, a gasar kofin duniya ta mata ta 2019 da aka yi a Faransa, inda ta zama mai tsaron raga mafi ƙarancin shekaru da ta kammala wasa a tarihin gasar ba tare da an zura mata ƙwallo ba.

Hajiya Mai Alƙalami: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yabi wadda ta tsaya, ka manta da waɗanda suka yi gudu.

Ɗan Rimi, rage yawan kirari,
Koriya suka ci kansu da fari,
Oshoala ta ƙara da sauri,
Gola na tsaye tana leƙen taga.

Ɗan Rimi:

Yaya, kin kalli wasan kuwa?
Ko labari kika ji a kasuwa?
Uku Norway ta zura babu tsayawa,
Sai Dennerby ya ce ƙarama ta shiga.

Malam Na Aruli: Ku yi mini afuwa in katse ku. Ɗan Rimi, ka fara da ɗango mai gaɓa goma, yanzu kuma ɗangonka na ƙarshe ya kai sha biyu, sannan ka maimaita "shiga" a matsayin amsa-amo tun waƙar ba ta yi nisa ba. Karin ya karye, kuma duk wanda ya gwada rera baitin zai ji inda numfashinsa ya tsaya.

Hajiya Mai Alƙalami: Allah ya saka da alheri, Malam. Bayan karyewar kari har da rashin adalci, domin Tochukwu Oluehi, mai tsaron ragar da ake yi wa shaguɓe da ukun Norway, ita ce ta tare bugun ƙarshe na Afirka ta Kudu a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Ghana a 2018, lokacin da gwanar taka take zaune a benci. Tun da kuwa tarihi kake so, ga wanda ka tsallake:

A Rennes fa, me ya faru da ita?
Renard ta bugi turke, ƙwallo ta fita,
Ta baro layi, na'ura ta kama ta,
Aka mai da ƙwallo, Renard ta buga.

Ɗan Rimi: A nan dole in yi bayani kafin in yi baiti. Dokar da ta wajabta wa mai tsaron raga barin ƙafa ɗaya a kan layi lokacin bugun fenareti ta fara aiki ne a watan Yunin wannan shekara, kwanaki kaɗan kafin a buɗe gasar. An riga an kori Ngozi Ebere, Najeriya ta rage mutum goma a gaban masu masaukin baƙi, kuma bugun Wendie Renard na farko ya fita ne ba tare da Chiamaka ta taɓa ƙwallon ba. Yarinyar da ta hana Faransa ci fiye da minti 70 a gidanta, ban ga dalilin da za a taƙaita ranarta a kan taku ɗaya ba.

Yaya, taku ɗaya ne laifinta,
Dokar ma sabuwa ce a wajenta,
'Yan Faransa sun kutso gabanta,
Amma kati a kanta aka ɗaga.

Wata biyu ba ta sake kuka ba,
A Rabat ba ta bar layi ba,
Uku ta tare, Kamaru ba su so ba,
Zinare ta rataya bisa riga.

Malam Na Aruli: Har yanzu ban ji amsa a kan gaɓa sha biyu ba. Sunan baƙo ba uzuri ba ne, domin mawaƙi shi ke lanƙwasa suna ya shiga kari.

Ɗan Rimi: Malam, Dennerby sunan kocin Falcons na lokacin ne, ɗan Sweden, ba ni na raɗa masa ba. In kana da hanyar rage shi, fage a buɗe yake.

Ɗan Garwa: Na zo a makare, sai na tarar an ambaci ƙasata. Wasan ƙarshe na Wasannin Afirka da aka yi a Maroko a Agustan 2019 ake nufi, kuma mu a Kamaru ba mu manta da shi ba, sai dai fassararmu ta bambanta da taku.

Ɗan Rimi, ka fama mana miki,
Rabat ta bar mu da ciwon ciki,
'Yan matanmu ne ba su yi aiki,
Kai tsaye a hannunta suka buga.

Ɗan Rimi: Maƙwabci, sau ɗaya sa'a ce, sau biyu ma a yi maka uzuri, amma sau uku sai dai ka yi haƙuri.

Malam Na Aruli: Ga shi an sake maimaita "buga". Tun da an ƙalubalance ni, bari in nuna yadda ake yi, in kuma kai labarin inda mai fage ya ce a tsaya, wato Janairun 2020:

Faransa da ta ba ta katin nan,
Ita ce ta kira ta bayan nan,
Paris FC ta ce zo zauna nan,
Lamba sha shida ke bayan riga.

Hajiya Mai Alƙalami: Ranka ya daɗe, Malam, da ka ci gaba da gyara mana kawai da ya fi. Katin ba Faransa ce ta bayar ba, alƙaliyar wasan 'yar Honduras ce, sannan "riga" ɗin da ka rufe da ita aro ce daga baitin Ɗan Rimi.

Malam ya hana mu maimaitawa,
Sai ga "nan" uku babu ragewa,
Da Chiamaka ce ke dubawa,
Baitin nan ba zai kai raga ba, balle ya shiga.