Jirage biyu kacal za mu iya ƙarawa a wasan, wanne da wanne?

Ɗan Kawo:

Assalamu alaikum. Mu huɗu ne a nan Kaduna muke buga wani wasan kwamfuta na tuƙa jiragen yaƙin da, irin wanda kai za ka tayar da inji da hannunka, ka riƙa lura da zafinsa, in ka yi garaje wajen sauka ka karya ƙafar jirgi. Masu wasan sun ba da dama kowa ya ƙera nasa jirgin ya saka. Waɗanda ke ciki duk na fagen Turai ne, su Spitfire da Bf 109 da Mustang da Yak, mu kuwa mun gaji da shawagi a kan Faransa da Rasha.

Matsalar ita ce mutum ɗaya ne a cikinmu ya iya Blender, manhajar zana jiragen, sosai, kuma ɗalibi ne, ga karatu ga rashin wuta. Ya ce jirage biyu zai iya, bayan su kada wanda ya sake kiransa.

Ni MiG-17 nake so. Jirgi ne da sojan samanmu suka tuƙa da gaske, an kawo su ta Kano a 1967, ga igwa mai milimita 37 guda ɗaya da masu 23 guda biyu a ƙarƙashin hanci. Na biyu kuma sai mu yi MFI-9, ƙaramin jirgin nan da Basuwide von Rosen ya ɗaura wa rokoki a ɓangaren Biyafara. Abokaina sun ce a'a, amma ba su kawo wani abin kirki ba. Ina neman shawarar waɗanda suka fi mu sani.

Baba na Mando:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ban iya wasanku ba, jikana ne ya nuna mini tambayar, amma na yi shekaru ina gyaran jirage, don haka bari in sa baki.

Kafin ka zaɓi jirgi, tambayi kanka da wa zai kara. Biyafara ba ta da jet na yaƙi ko ɗaya. MFI-9 ɗin da ka ambata jirgin koyon tuƙi ne, injinsa ƙarfin doki 100, a saman itatuwa yake rarrafe. Abin da ya yi a Mayun 1969 shi ne lallaɓowa ya harbi jirage suna ajiye a ƙasa, a Fatakwal da Benin da Inugu, ya gudu. MiG kuwa ko ya rage gudu iya ragewa sai ya wuce shi fuu. To wane faɗa za ku yi a sama? Aikin da ya rage wa MiG ɗin shi ne harbin ƙasa, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani. A yaƙin nan bama-bamai sun faɗa kasuwanni. A Yunin 1969 MiG-17 ne ya harbo jirgin agaji na Red Cross. Akwai mutanen da suka ga wannan da idonsu suna nan da rai, wasu ma maƙwabtanmu ne a Sabon Tasha da Kakuri. Ban ce haramun ne a taɓa tarihin ba, amma ba da shi zan fara ba in ni ne.

Ku yi Hurricane, jirgin yaƙin Ingila. Dalili kuwa, jirgin nan ya bi ta kanmu. Da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1940, Bahar Rum ya yi wa Ingila wuyar bi, sai aka koma kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a Ghana ta yanzu. A can ake haɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena, su ratsa Sudan ta El Fasher da Khartum har Alƙahira. Tafiyar ta haura kilomita 5,000, kuma dubban jirage suka bi ta. Blenheim, jirgin jefa bam, ne ke gaba da mai duba taswira, Hurricane ƴan kaɗan na biye da shi, don matuƙi shi kaɗai a irin wannan daji in ya ɓace shi ke nan.

Sai ku yi irin na ƙasashen zafi, mai ƙatuwar matatar iska ta Vokes a ƙarƙashin hanci. Tana hana ƙura cinye inji, amma tana rage gudu, kada ku manta ku sa wannan a lissafinku. Bayan jikinsa kuma yadi ne aka lulluɓa a kan ƙarafa, shi ya sa harsashi kan huda ya fita bai yi ɓarna sosai ba.

Mai Solar Rigasa:

Baba Allah ya ƙara girma, amma hanyar Takoradi ai jigila ce. Wa zai zauna awa uku yana bin Blenheim cikin hazo ba a harba ko ɗaya ba? Abin da na sani na faɗa a hanyar shi ne Heinkel guda ɗaya na Jamus da ya ratso Sahara ya jefa bam a Fort Lamy a Janairun 1942. Aiki ɗaya ke nan, an gama. Ni MiG-21 ma zan ce, tun da mun yi amfani da shi tun wajen 1975, ko ba komai akwai gudu.

ƴar Unguwar Rimi:

Malam Mai Solar, MiG-21 a wasan da duk jiragensa masu farfela ne, wa zai kama shi? Ranar farko za a yi murna, rana ta biyu kowa ya fita ya bar mai MiG shi kaɗai.

Ni ina bayan Baba a kan Hurricane, amma ba don Takoradi kaɗai ba. Ku da kuke Kawo, kullum kuna wuce Barikin Dalet. Akwai na Kalapanzin a nan cikin gari, ga Chindit a Zariya. Duk sunaye ne daga yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi da Japan, kuma ƴan Arewa na da yawa a ciki. Kakana na cikin waɗanda suka je. Hurricane Mk IIC mai igwa huɗu ta milimita 20 ya yi aiki sosai a can, yana kai wa sojan ƙasa ɗauki. Kun ga zane ɗaya ya ba ku fage biyu, sai dai a sauya fenti.

Na biyun kuma Dakota, jirgin ɗaukar kaya, nake roƙo. A kwarin Kaladan na Bama a 1944 babu hanyar mota ta kirki, abinci da harsashi duk ta sama ake jefa wa runduna ta 81. Kuma kada wani ya ce tuƙa Dakota ba daɗi. Ka shiga tsakanin duwatsu da kaya maƙil, ka sauko ƙasa-ƙasa, ka rage gudu, ka nemo ɗan filin da aka share a daji, ka zagaya sau da yawa kafin kayan su ƙare, ba ka da bindiga ko ɗaya. Mutum biyu a Hurricane suna gadi, ɗaya a Dakota, na huɗu ya zama abokin gaba. Ku huɗu cif.

Ɗan Kawo:

Baba na gode, maganar ta shige ni. Yaya, na huɗun da me zai tashi? Ba mu da jirgin Japan ko ɗaya, kuma Bf 109 a kan Bama ai abin dariya ne. In an ƙara Ki-43 na Japan sun zama uku, mai zanenmu zai kashe waya.

Mai Lissafi Barnawa:

Ɗan Kawo, kuna ƙirga jirage, alhali ɗakin matuƙi ya kamata ku ƙirga. Gangar jiki da fukafukai ba su ne wahalar ba. Wahalar tana ciki: kowane agogo, kowane maɓalli, kowace allura sai ta motsa daidai. Jirgin da kwamfuta za ta tuƙa ba ya buƙatar wannan duka. Don haka Hurricane da Dakota a yi su cikakku, Ki-43 a yi masa jiki kawai a bar wa kwamfuta. Littattafan matuƙa na Hurricane da Dakota suna nan da Turanci a intanet, da gudun tashi da na sauka da iyakar inji. Na Japan ya fi wuyar samu, wani dalilin ke nan na barin cikinsa.

Abu ɗaya, kada ku mai da Ki-43 ragon layya don ku ji daɗi. Bindigoginsa biyu ne kacal masu milimita 12.7, ba shi da sulke sosai, amma ba nauyi, yana juyawa cikin ɗan wuri, yana hawa fiye da Hurricane. Duk wanda ya tsaya zagaye da shi zai sha kashi. Dabarar ita ce ka zo ta sama, ka harba, ka nutsa ka tsere. In kuka sa lambobin gaskiya, wasan da kansa zai koya muku haka.

Dakota inji biyu ne, ku tabbata wasan yana ba da damar sarrafa kowanne daban kafin yaron ya fara zane. In ba ya bayarwa, ku sanar da ni, akwai dabarar da za a gwada. Lissafin tashin Hurricane kuma ku turo mini, zan duba muku ranar Asabar in an kawo wuta.