Yaya za mu kare gidan da ke bakin daji daga wutar kaka?

Abdulƙadir, daga wajen Gadarif a ƙasar Sudan:
Assalamu alaikum. Gidanmu yana ƙarshen ƙauye, bayan dangarmu kuwa babu komai sai ciyawa har zuwa gonakin dawa da riɗi. Yanzu da damina ta ɗauke, ciyawar ta bushe ƙayau, iskar arewa kuma ta fara kaɗawa. Ɗakunanmu na jinka ne, dangar ta kara ce. Ina roƙon waɗanda suka san lamarin su faɗa mini abin da ya kamata mu fara gyarawa kafin wutar daji ta taso.

Malam Haruna, Mai Wurno:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka fara da sanin cewa yawanci ba harshen wuta ne ke cin gida ba, tartsatsin da iska ke ɗaukowa ne yake faɗawa kan busasshen abu tun wutar tana nesa. Saboda haka aikin farko yana jikin ɗaki. Ka share kewayen kowane ɗaki har ƙasa ta fito fili, aƙalla mita 1.5, kada ka bar kara, tsohuwar zana ko itacen girki a jingine da bango. Harawa da karan dawa da muke tarawa domin dabbobi su ne babban haɗari, musamman idan an ɗora su a kan rumfar da ke manne da jinka. Ka mayar da su can gefe, kamar mita 10 daga ɗakuna da rumbu, a ɓangaren da iska ba za ta turo wutarsu cikin gida ba. Dangar kara kuma, idan ta haɗe da ɗaki, hanya ce ka shimfiɗa wa wuta, don haka ka yanke mahaɗar ko ka gina wannan yankin da laka.

Hajiya Rabi, Damazin:
Kada ka sare itatuwan inuwa. Darbejiya mai ɗanyen ganye ba ita ce matsala ba, ganyen da ya zube ya taru a gindin danga shi ne abin sharewa kullum. A datse rassan ƙasa zuwa tsayin mita 2 da waɗanda suka rufa kan jinka. A kuma yayyafa wa tokar murhu ruwa kafin a zubar.

Usman, Sinnar:
Na yarda da Baba Haruna, sai dai gyaran gida ɗaya ba ya isa idan ciyawa tana tsaye bayan dangar maƙwabci. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ta wajabta gyara kimanin mita 30 kewaye da gidajen da ke irin wannan wuri. Ku yi magana da mai unguwa a yi gayya, ko a nemi tarakta ta kafce wani layi marar ciyawa da zai tare wuta a gefen da iska ke fitowa. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka ƙona ciyawar kai kaɗai da nufin riga wuta, domin iska tana juyawa ba sanarwa. Idan dole ne a ƙona, a yi da yamma bayan iska ta kwanta, da jama'a riƙe da ɗanyun rassa da ruwa a kusa.