Musayar Waƙa: Noel Chavasse, Likitan Fagen Fama

Mai Alƙalami:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Musayar wannan makon a kan Kyaftin Noel Chavasse ce, likitan sojan Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amsa-amonmu "wa" ne. Bari in buɗe.

Ku ba ni kunne in waƙe likita,
Wanda ruwan wuta bai sa shi gujewa.

A 1884 ya zo duniya,
A Oxford, tagwaye ne wurin haihuwa.

Shi da Christopher kamarsu ɗaya,
Ubansu Bishof, Liverpool ya yi komawa.

Gudun mita 400, Olamfik ta Landan,
A 1908 su biyun sun yi fafatawa.

Ya gama likitanci, ya shiga soja,
A 1913, kafin yaƙi ya kai ga ɓarkewa.

Uwar Jinya:
Malam, ka bar mini zancen ƙafa,
Don daga nan aikin yake farawa.

Nuwamban 1914 suka sauka Faransa,
Bataliyar Liverpool Scottish yake dubawa.

Ramukan yaƙi ruwa ne da taɓo,
Soja na tsaye ciki har garin wayewa.

Ƙafa ta kumbura, ta mutu, ta yi baƙi,
In an yi sake sai dai yankewa.

Shi ke faɗi-tashin busasshiyar safa,
Da ruwan wanka, da abin sha mai ɗumamawa.

Wanda ƙarar igwa ta gigita shi,
Wasu su ce raki, shi ya ce ciwo ne mai son kulawa.

Ba a rataya lamba don wankin safa,
Amma ni a nan nake fara jinjinawa.

Tsohon Soja:
'Yata, kin faɗi gaskiya, na karɓa,
Mu je Guillemont inda aka sha gwabzawa.

Ran 9 ga Agusta, 1916,
Yaƙin Somme, maza na ta zubewa.

Wuni ya yi a fili yana ɗaurin rauni,
Maƙiya na kallo, harsashi na wucewa.

Da dare ya yi, awa huɗu cur,
Gaban ramin Jamusawa yana lalubawa.

Washegari ya kama gadon ɗauka,
Yadi 500 da majinyaci, ba ajiyewa.

Ɓarɓashin bam ya same shi a kwiɓi,
Daren nan kuma ya sake komawa.

'Yan sa-kai 20 suka bi bayansa,
Mutum uku a rami suna jiran cetowa.

Yadi 25 kacal da ramin maƙiya,
Ko tari ka yi ana jiyowa.

Ya binne hafsoshi biyu, ya tara lambobin wuya,
Don iyaye su san makomar 'ya'yansu, su bar jirawa.

Kusan rai 20 ya tsamo daga halaka,
Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya, tasa ta farko ke nan, da cancantawa.

Auta:
Baba, da girmamawa nake tambaya,
Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ba ɓoyewa.

A Wieltje ta Beljiyam, 31 ga Yulin 1917,
An ji masa rauni a ka tun da farawa.

Aka ce ya koma baya a yi masa magani,
Ya ƙi, ya ci gaba da fita yana kwasowa.

Ran 2 ga Agusta bam ya shigo maɓoyarsa,
Ya farke masa ciki, raunin da ba warkewa.

Ran 4 ya cika a Brandhoek, shekara 32,
Gladys, budurwarsa, tana shirin aurawa.

Da ya ja da baya ya yi jinya,
Dubu nawa zai ceta nan gaba? Shi nake lissafawa.

Tsohon Soja:
Ɗana, lissafinka ba laifi,
Likita mai rai ya fi kabari amfanawa.

Amma wanda ke kwance cikin taɓo,
Jininsa ba ya jiran canji ya zo karɓewa.

In likitan bataliya ya bar wurinsa,
Masu rauni su taru, babu mai ɗaurewa.

Ya san sunayensu, ya duba ƙafafunsu,
Kusan shekara uku suna tare, ba rabuwa.

Ni ban ce kowa ya yi yadda ya yi ba,
Na dai ce zarginsa ba zan iya furtawa.

Auta:
Na ji, Baba, ban zarge shi ba,
Iyayensa ne ke sa zuciyata karyewa.

Ƙaninsa Aidan ya ɓace a watan Yulin nan,
Har yau ba a ga gawarsa ba balle binnewa.

Mai Alƙalami:
Lamba ta biyu bayan ransa ta zo,
A yaƙin nan shi kaɗai ya ci biyu, ba mai kamowa.

Mutum uku tak suka taɓa ninka ta,
Da Charles Upham na New Zealand ake ƙirgawa.

Ɗayan kuwa Arthur Martin-Leake ne,
Shi ma likita, mai ɗaurin rauni da ɗinkewa.