Handikaf a teburin sunuka: rata ce, dabaibayi ne, ko ciko?

1. Jama'a, kalma nake nema. Daren jiya na bi sawun ƙanina har wata rumfar sunuka a Bauchi Road, sanyin Jos na ratsa ƙashi, samari sun yi wa tebur zobe. Biyu daga cikinsu sun fi minti 20 suna ja-in-ja, ba wanda ya ko shafa wa sanda alli. Ɗaya na cewa, "Sai ka ba ni handikaf, ƙwallo uku." Ɗayan na rantsuwa rabonsa da wasa tun ƙaramar salla, hannunsa ya mutu. Da suka daidaita, wasan bai kai minti 6 ba aka miƙa kuɗi. A ganina tun a wajen cinikin aka cinye yaron da ya nemi handikaf, bugun cika umarni ne kawai. To wannan "handicap" ɗin, me za mu ce masa da Hausa?

2. Kafin a fara jifana: caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ba ta bar ƙofa ba, kuma ba tallarta na zo yi ba. Amma uban da bai san sunan abin da ke lashe kuɗin ɗansa ba, da wane baki zai yi masa faɗa? Kuma kalmar tana aiki inda ba a sa ko sisi ba, a golf da tseren dawaki da wasan yara a layi.

3. Ga waɗanda ba su taɓa leƙawa ba. Abin da muke kira sunuka a unguwanni, asalin sunansa pul: ƙwallaye 15, bakwai masu ratsi, bakwai masu launi ɗaya, sai baƙa mai lamba 8 da ake rufewa da ita. Sunuka ta gaske, wadda hafsoshin sojan Ingila suka ƙirƙiro a Indiya wajen 1875, jajaye 15 gare ta da masu launi 6, teburinta kuma ya fi ɗakin wasu gwauraye faɗi. Handikaf shi ne abin da gwani zai bari ko ya ɗora wa kansa domin wanda bai kai shi ba ya yarda ya zuba kuɗi.

4. Amsa ta farko ta iso, daga wani ɗalibin jami'a: "Yaya, ƙamus ya ce nakasa." Ƙanina, ƙamus bai yi ƙarya ba, wata ma'anar ya ba ka. Je ka rumfar nan ka ce "ba ni nakasa biyu" ka ga ko za ka fito da haƙoranka.

5. Mutum huɗu sun ce rangwame, ɗaya ya ce sassauci. Ban karɓa ba. Rangwame tausayi ne, mai kaya ya dubi halinka ya rage. Wanda ya ce zai cire maka ƙwallo uku ba tausayinka yake ji ba, ƙugiya ce ya sa wa tsutsa. In muka ce rangwame mun taya shi yaudarar.

Bari ma in nuna muku inda gizo ke saƙa, don wani tsohon ɗan wasa da ya tuba ne ya buɗe min ido. In aka kwashe ƙwallayenka uku tun kafin bugun farko, kai murna kake yi saura huɗu. Shi kuwa gwanin an share masa hanya ne: ƙwallayenka su ne shingen da ke tare masa rami, su ne kuma inda kake fakewa in ka rasa bugu. Tebur ya yi fili, in ya kama sanda ba zai ajiye ba sai baƙa ta faɗa. Shi ya sa wanda ya san dawan garin yake cewa, "Na yarda da uku, amma ni zan zaɓi lokacin ɗaukewa, kuma ni zan zaɓi waɗanda za a ɗauke." Nan za ka ga fuskar gwanin ta canza.

6. Wani dattijo daga Gangare, wanda ya ce mahaifinsa aikin kuza ya yi, ya rubuto: "Ɗana, kuna wahalar da kanku. Muna yara in za a yi tsere da wanda ya fi ka sauri cewa kake yi ba ni rata. Rata ke nan."

Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ta zauna a baki. "Ba ni ratar wasa biyu." Kuma ta yi daidai da wani nau'i na abin: a ce wanda ya fara cin wasa 5 shi ne da kuɗi, amma kai an rubuta maka 1 tun ba a fara ba. Matsalata ɗaya ce. A bakin yau in aka ce "ya ba shi rata", abin da ake ji shi ne ya tsere masa fintinkau, kamar yadda ake faɗa ranar ƙidayar ƙuri'a. Kalma ɗaya tana nufin taimako tana nufin kaye.

Tunda an zo nan, ga lissafi ga masu sha'awa. Ɗauka gwani yana cin wasa 2 cikin kowane 3. In ana tseren zuwa 5 ya ba ka 1, shi yana neman 5 kai kana neman 4, zai yi nasara kusan sau 74 cikin 100. Sai an ce shi ya ci 6 kai ka ci 3 sannan abin ya kusa zama raba-daidai, nasararsa ta sauko wajen 47 cikin 100. Wato wannan "na ba ka ɗaya" da ake faɗa da buɗe ƙirji, ƙwandala ce aka jefa maka domin a kwashi jakarka.

7. Wata malama daga Bukuru ta kawo dabaibayi. Malama, kin burge ni. Jaki ko raƙumi ake yi wa dabaibayi don kada ya yi nisa, mai ƙarfin ake ɗaurewa, ba raunannen ake ɗagawa ba. A tebur akwai irinsa: gwani ya buga da hannu ɗaya, ko ya faɗi ramin kowace ƙwallo kafin ya buga, ko baƙa ba za ta shiga ba sai ta daki gefe ta dawo. Haka ake yi a tseren dawakin Turawa, dokin da ya fi gudu a ƙara masa nauyi. Sai dai cire ƙwallo ko ba da wasa ba dabaibayi ba ne, don ba a ɗaure kowa ba. Kalmar ta rufe rabin jiki ta bar rabi a sanyi.

8. Wani ya ce gyara, irin ta mai tumatir a Farin Gada. A'a. Gyara bayan an gama ciniki take zuwa, wannan kuwa shi ne cinikin.

9. To ga tawa, ku auna. Asalin kalmar a Turanci "hannu cikin hula" ne, wani tsohon wasan musaya a Ingila: mutum biyu za su yi musayar kaya, alƙali ya faɗi nawa mai ƙaramin kaya zai ƙara, kowa ya sa hannu a hula ya fito da shi alamar ya yarda ko bai yarda ba. Daga nan ta shiga tseren doki. Yanzu ku je wajen masu waya a Terminus ku ce za ku ba da tsohuwa ku karɓi sabuwa, me za a tambaye ku? "Nawa za ka yi ciko?" Abin da Bature ya sa wa suna da hula, mu muna da shi a kasuwa tun tuni. Ciko shi ne abin da ake ɗorawa a ɓangaren da bai kai ba har ma'auni ya tsaya. Ba ya nuna tausayi, ba ya nuna raini, kuma duk Bahaushe ya san ciko abin ja-in-ja ne, wanda ya fi sanin darajar kayan shi ke cutar ɗan'uwansa.

Nan ne ma dabarar take gaba ɗaya. Kowa ɓoye darajar kayansa yake yi. Efren Reyes na Filifin, wanda ya ci kofin duniya na wasan ƙwallo tara a 1999, da ya shiga gasa a Houston ta Amurka a 1985 da sunan Cesar Morales ya shiga, ya kuma lashe. Yaron Bauchi Road mai "hannuna ya mutu" jikansa ne a sana'a. Zai bari ka ci na farko da na biyu a kan ɗari biyar, ya yi tsaki, ya nemi a rage cikon a ninka kuɗin.

10. Ga masu dariya a ƙasa suna kawo zancen cikon da ake sawa a cikin tufafi, da mai cewa cikon benci: na gani, Allah ya shirye ku. Kalma ba ta mutuwa don tana da kishiya.

11. Baba na Gangare ya dawo: "Ɗana, na yarda da ciko a kan uwar maganar, amma kada ka jefar min da rata. In wasa aka ba ka a gaba, rata ce." Na karɓa, Baba. Malama ita ma ta ce dabaibayinta yana nan ga mai buga hannu ɗaya, ba mai taɓa mata shi. Ba gardama. Handikaf dai ciko, tattaunawar kafin wasa cinikin ciko.

12. Na gwada a gida da safe. Na ce wa ƙanin nawa, "Jiya cikon nawa aka ba abokinka?" Bai tambaye ni me nake nufi ba, ya ce uku. Sai ya yi shiru, ya ɗago ya dube ni, don bai taɓa gaya min ya san ana sa kuɗi a rumfar ba.